Ƙamus ɗin madadin kalmomi na Microsoft Word

Ɗaliban unguwar Nima da ke Accra masu shirin jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE sukan cika insha'insu na Turanci da "good" har mai gyara ya gaji, kuma a nan ne ƙamus ɗin madadin kalmomi da ke cikin Microsoft Word yake da rana. Idan ka zaɓi kalma ka danna Shift da F7, jerin kalmomi masu kusancin ma'ana zai fito a gefen allo nan take. Sai dai ba ya bayyana inda kowace ta dace: "childlike" yabo ne, "childish" kuwa suka ne. Ina ba ɗalibai shawarar su yi amfani da shi wajen atisaye a gida, amma su tabbatar da ma'anar kowace kalma kafin su sa ta.