Covered a kan Ubuntu: girka ta minti biyu, cire ta ya kai ni dare

A Ayigya Zongo nake zaune, nan Kumasi, tsallaken titi daga jami'ar KNUST inda nake karatun injiniyancin kwamfuta. Zangon da ya wuce na rubuta wata 'yar da'ira da Verilog, harshen da ake rubuta da'irar lantarki da shi, don sarrafa danjar mahaɗar hanya: ja, ruwan ɗorawa, kore, da maɓallin masu tafiya a ƙasa. Na gwada ta da manhajar kwaikwayon da'ira Icarus Verilog, na leƙa sigina a GTKWave mai zana su a allo, komai tsaf. Sai wani yayanmu na unguwa da ya riga ni gamawa ya ce, "Ƙanena, cikin layukan nan da ka rubuta, nawa gwajinka ya taka?" Na yi tsuru-tsuru. Shi ya ce in nemi Covered.

Manhaja ce ta kyauta da Trevor Williams ya rubuta. Ba za ta ce maka da'irarka daidai take ba. Abin da take yi shi ne ta tona inda gwajinka bai taɓa shiga ba. Kana ba ta fayil ɗin Verilog da fayil ɗin VCD (tarihin sauyin sigina) da gwajin ya fitar, ta haɗa maka fayil ɗin CDD mai ɗauke da sakamakon awonta, daga nan ka ciro rahoto.

Girkawa ba ta da labari. A Ubuntu, tsarin Linux da ke kwamfutata, apt ne ke girka manhaja da cire ta, sai na buga sudo apt update, na bi da sudo apt install covered. Ta zo da 'yan rakiyarta na Tcl da Tk, saboda tagar da ake duba rahoto a ciki da su aka gina ta. Datar da ta ci ba ta taka kara ta karya ba. Ina ba da shawara a haɗa da covered-doc, don umarnin nata sai da jagora.

Da na yi covered score sannan covered report, kunya ta kama ni. Reshen da ke kula da wanda ya danna maɓalli ana tsakiyar ruwan ɗorawa, gwajina bai taɓa bi ta kansa ba, kuma a nan kuskure yake kwance. Wasu sigina biyu ma ba su taɓa juyawa daga 0 zuwa 1 ba. A kan wannan kaɗai na yafe mata tagar nan tata mai kama da ta zamanin da. Sai dai ba ta gano injin matakai (ɓangaren da ke sauya yanayi mataki-mataki, kamar daga ja zuwa kore) da kanta, sai ka nuna mata da -F. Kuma tsohuwa ce, sigar 0.7.10 na samu, abin da ta iya na SystemVerilog, sabon salon Verilog, kaɗan ne. Da aikina ya koma can, dole na koma Verilator, wani mai kwaikwayon da'ira, wanda shi ma yana auna wannan da --coverage.

To, cirewar. Na buga sudo apt remove covered, aka ce an cire. Na sake buga sunanta don in tabbatar, sai ga ta ta amsa, daram. Na yi purge, wanda ke share har fayilolin saiti na tsarin kwamfuta, na yi autoremove don kwashe 'yan rakiyar. Tana nan. Ana cikin haka dumsor ya zo, wato an ɗauke wuta, batir na ƙarewa, ni kuma na fara zargin apt.

Ashe ni ne da laifi. Makonni kafin nan na taɓa harhaɗa ta da hannu daga tushenta, na yi make install, na manta. Wannan ya zuba ta a /usr/local/bin, wurin da apt bai san da zamanta ba, kuma kwamfuta can take fara dubawa kafin /usr/bin. Wato duk kwanakin nan ma ta hannun nake amfani da ita. Yayan nan namu ne ya ce a waya, "Buga which covered ka karanto min." Yana jin amsar ya fashe da dariya.

Wani abu game da autoremove: karanta jerin abin da zai kwashe kafin ka danna Y. Fayilolin CDD ɗinka kuwa ba mai taɓa su, suna nan cikin foldarka har ka goge da kanka. Nawa ban goge ba, na danjar nan har yanzu yana cikin filashina.