Mai naɗin moton da ya sa ni sayen sitata

Injin niƙa gare ni a Dakata, cikin Kano, moton lantarki mai ƙarfin doki 10, mai layin wuta uku. Da daminar bana ya ƙone. Layi ɗaya ne ya ɗauke, biyu suka rage, moton ya yi ta gurnani yana jan wutar da ta fi ƙarfinsa, yaron shagon bai ankara ba sai da ƙauri ya tashi. Wani abokin sana'a ya kwatanta mini shagon wani dattijo mai naɗin moto, na ɗora shi a a-daidaita-sahu na kai.

Aikin naɗin ba ni da abin cewa. Ya sa sabuwar wayar tagulla, ya shafe ta da banish ya gasa, ya canza boris biyu. Kafin ya ba ni, ya sa na'urar awo tsakanin naɗin da jikin moton ya nuna mini wuta ba ta zurarewa. Sai dai kwana uku ya ce, muka yi takwas, kuma shagon a cunkushe yake, ba wurin zama.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne tambayar da ya yi mini: "Alhaji, da me kake tayar da shi?" Na ce da makunnin hannu, irin mai wuƙa da ake ɗagawa. Ya girgiza kai ya ce, "Idan an ɗauke wuta aka manta shi a ɗage, yaro ya sa hannu yana share faranti, sai a kawo wuta. Wa zai tsayar da shi?" Wallahi jikina ya yi sanyi, don na sha ganin yaron nan hannunsa cikin injin lokacin da babu wuta.

Ya sa na sayi sitata mai maɓalli biyu, kore da ja. Da an ɗauke wuta take sakin kanta, kuma ko an dawo da ita injin ba ya tashi sai mutum ya danna koren. Ya haɗa da abin da ke yanke wuta idan lodi ya yi yawa, ya saita shi kan amfiya 15 da ke rubuce a jikin moton, da wani da ke yankewa idan layi ɗaya ya ɗauke. Kuɗin ya yi mini nauyi a ranar, amma bai kai na naɗi ba.

Da ya zo haɗawa ya ga babu wayar ƙasa, ya kafa ƙarfe ya ɗaura ta, don in wuta ta taɓa jikin moton kada ta bi ta jikin mutum, ga shi wurinmu ba ya rabuwa da jiƙa saboda markaɗe. Ya kuma ƙi tafiya sai da mai walda ya yi wa bel ɗin murfi. Nan na fi gode masa. Mata da 'yan mata ke kawo niƙa, kuma bel ba ya sakin bakin hijabi in ya kama.

Ya ce duk Juma'a mu kashe babban makunni mu sa masa kwaɗo, sannan mu kakkaɓe garin da ke toshe fankar bayan moton, don shi ke hana shi shan iska. Makullin kwaɗon yana aljihuna. Wata huɗu ke nan, sau biyu sitatar ta yanke da kanta, duka biyun layi ne ya ɗauke.