Wane Maganin Ciwo Mai Kitse a Hanta Zai Saya?

Idan likita ya duba ka da na'urar hoto ya ce kitse ya taru a hantarka, tsayuwarka gaban kantin magani ta canza, ko da kana jin kanka garau. Wannan larura ta yawaita: kusan mutum ɗaya cikin kowane manya huɗu a duniya na ɗauke da ita, galibi saboda ƙiba, ciwon suga da yawan shan zaƙi. Yawancinsu ba su ma sani ba, domin hanta ba ta da saurin kuka.

Mu fara da farasitamol, tunda shi kowa ke fara miƙa wa hannu. Hanta ce ke sarrafa shi. Mafi yawansa yana fita lami lafiya, amma wani ɗan kaso yana bi ta hannun wani sinadarin hanta mai suna CYP2E1, ya rikiɗe ya zama guba da ake kira NAPQI. Hanta mai lafiya tana da wani makari, gulutatayon, wanda ke kama gubar ya kashe ta nan take. Matsalar hanta mai kitse ita ce, sau da yawa CYP2E1 ya fi aiki a cikinta, makarin kuma ya yi ƙaranci. Ga guba ta ƙaru, ga mai tsaron gida ya gaji. Shan giya da daɗewa ba a ci abinci ba suna ƙara taɓarɓara lamarin.

Duk da haka, ni dai farasitamol nake sa wa a gaba, kuma haka likitocin hanta ke yi, muddin an kiyaye ƙima. Iyakar babban mutum mai lafiya giram 4 ce a rana, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Ga mai ciwon hanta da ya daɗe, likitoci da dama kan rage zuwa giram 2 ko 3, a rarrabe, ba a haɗiye lokaci guda ba. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba shi ma ana rage masa.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne magungunan mura da na ciwon jiki masu haɗin gambiza. Mutum ya sha ƙwaya biyu don ciwon kai, ya ƙara da garin maganin mura, da dare ya sha na tari, bai san duka ukun suna ɗauke da farasitamol ba. Juya kwalin ka karanta abin da ke ciki. A Amurka sunansa asitaminofen. Abu ɗaya ne. Wannan magani shi ne kan gaba wajen haddasa mutuwar hanta farat ɗaya a Amurka da Ingila, kuma alamomin illarsa, kamar shawara da ciwo a gefen ciki na dama, kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin su bayyana. Wanda ya wuce ƙima ya garzaya asibiti ko da bai ji komai ba, domin makarinsa, asitilsistin, ya fi aiki cikin awa 8 na farko.

To ibufurofen da diklofinak fa? Wasu kan gudu wurinsu da zaton sun tsira. Sun fi farasitamol kwantar da kumburi, gaskiya ne, amma suna taɓa ƙoda, suna jawo gyambon ciki da zubar jini, kuma diklofinak na cikin waɗanda aka fi sani da illata hanta. Wanda hantarsa ta riga ta yi tabo ta taurare, ya nisance su gaba ɗaya, haka ma asfirin in ba likita ya rubuta ba. Mai kitse kawai, wanda ƙodarsa da cikinsa ke lafiya, zai iya shan ibufurofen na 'yan kwanaki bayan ya tuntuɓi likita.

Tiramadol da kodin kuwa ba kayan sayen kai ba ne. Hanta mai rauni ba ta fitar da su da wuri, sai su taru su rikita ƙwaƙwalwa.

Idan ciwon a gwiwa ne ko kafaɗa ko baya, ka tambayi mai kanti maganin shafawa na diklofinak. Kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, don haka hanta ba ta ɗaukar wani nauyi sosai.