Ranar da aka ƙi sayar mini da inji a Bergen

Yaya, ina gaisuwa, a gaishe mini da Inna da yara. Ka san tun muna wasa a bakin ruwan Yauri ba ni da burin da ya wuce in mallaki jirgina. To, Allah ya nufa, bana na sayi ɗan kwale-kwale na hannu a nan Nowe, na alminiyam, mita 4 da ɗan ɗoriya, don in riƙa fita kamun titus ɗin nan da ake kawo muku a daskare cikin kwali. Saura inji.

Na shiga shago da kuɗina, na ce a ba ni mai doki 40, irin naka. Mai shagon, wani dattijo, ya ce wane jirgi zan ɗora wa? Ya biyo ni waje inda jirgin yake kan tirela, ya sunkuya, ya goge wani ɗan faranti da aka manna daga ciki, wanda ni ban taɓa kula da shi ba. An rubuta mutum 4, an kuma rubuta iyakar ƙarfin injin da jirgin zai ɗauka, daidai da doki 25. Ya miƙe ya ce ba zai sayar mini da 40 ba. Na ce kuɗina ne, jirgina ne, kuma a kan ruwa aka haife ni. Ya ce bai musa ba, amma ba daga shagonsa ba. A gaban mutane fa, Yaya! Wallahi raina ya ɓaci, kwana biyu abin yana cina.

Da na huce na koma. Mutumin nan bai tayar da zancen ba. Ya ɗauko tef ya auna katakon baya, inda ake ɗaura inji, ya samu santimita 51, ya ce doguwar ƙafar inji, wato ɓangaren da ke sauka cikin ruwa, ita ce tawa, gajera mai santimita 38 ba za ta yi ba. In ƙafar ta gaza, farfela iska take kwasa, ruwan da ke sanyaya injin ma ba ya shiga sosai, sai ya ƙone. In ta yi tsawo, ta ja jirgi baya, ta bugi dutse. Mu da muke sassaƙe katako ko mu ƙara wani da ƙusa don inji ya zauna, sau nawa muka ce injin ne jabu?

Na so sitiyari irin na mota. Nan ma ya ce a jirgi ƙarami kamar nawa sitiyari da akwatinsa wurin zaman mutum guda za su cinye, ga wayar da gishirin teku ke sa wa tsatsa har ta ƙage. In bar shi da hannun tuƙi, in na yi babban jirgi sai a yi maganar sitiyari mai aiki da mai. Ciniki biyu ke nan ya saki da bakinsa. Ya kuma nuna mini dokarsu: wanda aka haifa daga 1980 zuwa yanzu ba ya tuƙa injin da ya haura doki 25 sai da lasisi, kuma tun 2015 duk wanda ke cikin jirgin da bai kai mita 8 ba dole ya sa rigar ruwa muddin ana tafiya. Jar igiyar nan ta kashe inji, wadda muke naɗewa a jikin hannun tuƙi mu manta da ita, shi da kansa ya ɗaura mini a ƙafa, ya ce in fizge in gani. Na fizge, injin ya mutu nan take.

Kada ka ce komai nasu daɗi ne. Sabon inji irin namu da ake gauraya fetur da baƙin mai ba ka samunsa a shagunan nan, tun wajen 2007 dokar hayaƙi ta kore shi. Nasu shiru, ba ya shan mai, amma nauyi, ga tsada. Kafireta ta toshe, sai ka jira mako biyu kafin a duba, a caje ka kuɗin awa, kuma ba sa gyara, canzawa suke yi. Ina kewar bakaniken bakin ruwanmu da zai baje inji a kan buhu da hantsi, kafin la'asar ka ji yana kuka. Sanyi na shigowa kuma sai a fitar da jirgi a lulluɓe, wata biyar kana kallonsa. Kifinsu ma, ko an soya, bai kama ƙafar giwan ruwa ba.

Amma ɗan farantin nan ya hana ni barci. Ka tuna watan Mayun 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna zuwa Warra da mutum fiye da ɗari, ga babura, ga buhuna, ya rabe a tsakiyar ruwa. Mun ce ƙaddara, kuma ƙaddara gaskiya ce. To amma wa ya tsaya a bakin gaɓa ya ce jirgi ya cika, sauran ku jira? Ranar kasuwa da idona na sha ganin ruwa saura taƙi ɗaya ya shafi bakin jirgi, ana ta cewa a matsa, a matsa. Ni ma na loda haka lokacin da nake yi maka yaron jirgi, Allah ya yafe mana.

Na sayi rigunan ruwa goma, huɗu na yara, da jar igiya biyu, suna cikin kayan da za su iso bayan Sallah. Don Allah, Yaya, kada a ajiye su a ɗaki. Kuma ka zauna da masassaƙin da ya haɗa maka jirgin, ya faɗa maka tsakani da Allah mutum nawa zai ɗauka, ka sa a rubuta da fenti a gefensa. Kuɗin fentin da abin da za ka rasa na fasinja a watannin farko, ni zan biya.