Ka kai shi na kosha, amma ka tambayi abin da ke cikin romon

Alhaji, tunda surukinka ne zai zo New York, kuma kana wasiwasi tsakanin babban gidan gasasshen nama na kosha da na halal, ni dai na kosha zan ce maka, wato wanda ake yankawa a shirya bisa dokar addinin Yahudawa. Duka biyun sun ci kuɗina.

Bara da Baban maiɗakina ya zo ganin jikoki, na ɗauke shi daga Bronx muka je wani na kosha a tsakiyar Manhattan. Dattijo ne da ya tsufa yana cinikin shanu a kara, ba ya saurin yabon nama. Aka kawo na haƙarƙari, wanda suke kira ribeye, kaurinsa ya kai yatsa biyu. Ya yanka, ya ga ja a ciki, ya ajiye wuƙa ya dube ni: "Wutarsu ce ta mutu?" Aka mayar aka ƙara gasawa. Da aka dawo da shi sai ya zaro ƙullin yaji daga aljihun babbar riga, ya barbaɗa, bai sake cewa uffan ba sai da ya tsotse ƙashin. Har yau in mun yi waya sai ya ce in gaida mahautan Yahudawan nan.

Abin da ya kwantar masa da hankali yankan ne. Mahaucinsu sai ya yi karatun yanka an ba shi izini, wuƙarsa ba a yarda ta yi ko ɗan gibi ba, kuma ba a sumar da saniya kafin a yanka. Daga nan a jiƙa naman rabin awa, a turbuɗe shi da gishiri awa guda don jini ya fita, a ɗauraye. Saboda haka kada ku ƙara gishiri sai kun ɗanɗana, musamman in Baba yana da hawan jini. Ba sa haɗa nama da madara, don haka ba za ka ga man shanu yana narkewa a kai ba. A Amurka kuma yawanci gaban saniya kawai suke sayarwa, saboda akwai jijiyar cinya da wani kitse da aka haramta musu, cirewa kuma aiki ne ja. Ka tsaya a kan haƙarƙari, nan ƙarfinsu yake.

Hujjar masu ci aya ta 5 ce a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta abincin Ma'abota Littafi. Akwai malaman da ke son a ambaci sunan Allah a kan kowace dabba, mahautan Yahudawa kuwa sau ɗaya suke addu'a su yanka da yawa. Ka ji ta bakin surukinka tun a gida, kada sai an zauna.

Na halal ɗin da na je kuwa, ba zan kama suna ba, fitilu ne masu kyau da nama kamar fatar takalmi. Babu giya a teburi, iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Nan ne ma ya kamata ka buɗe ido, don kosha bai hana giya ba. Ana sha a gidajen kosha, ana kuma zuba ta a romon da ake kwararawa a kan nama. Ka ce a kawo muku naman zalla.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu rubuta "kosher style" a allo. Kwaikwayo ne kawai, naman na iya fitowa daga ko'ina. Na gaskiya yana manna takardar shaida a ƙofa ko kusa da wurin biyan kuɗi, da tambarin hukumar da ta tantance shi, irin su OU, OK, Star-K ko Kof-K. Ka duba kwanan wata, wasu takardarsu ta daɗe da mutuwa suna barinta a bango. Haka nan masu liƙa "halal" a gilashi, ka tambaye su inda suke saro nama, in suka fara kame-kame ka juya.

Cikin gidajen kosha, Le Marais yana titi na 46, Reserve Cut yana kusa da Wall Street. Daren Juma'a da yinin Asabar a rufe suke, ka kama teburi Lahadi ko Alhamis. Ka ware wa kowane mutum dala 100 ko fiye, ga haraji kashi 8.875, ga na mai hidima wajen kashi 20. Kada ka bari Baba ya ga takardar kuɗin, nawa da ya lissafa da naira cewa ya yi da rago muka saya.