Lokoja ko Baro: ina za a kai yara?

Malam, ka ce kana so ka kai yara su ga tsohuwar tashar jiragen ruwa ta zamanin Turawa, amma ka rasa zaɓi tsakanin Lokoja da Baro. In da iyali ne, Lokoja zan ce.

Abin gani a can ya taru wuri guda. Ku hau Dutsen Patti da sassafe, inda gidan hutun Gwamna Lugga yake. Daga sama za ku hango Kwara da Binuwai sun haɗe, kwale-kwalen masunta sun zama 'yan ɗigo a kan ruwa. A garin ne aka sauke tutar kamfanin Royal Niger ranar 1 ga Janairun 1900, Arewa ta koma hannun gwamnatin Ingila. Amma ga mu 'yan ƙasar Zazzau, wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne kaburburan sarakunan da Turawa suka tsige suka kai can. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi a Lokoja ya rasu, haka ma Sarkin Kano Alu, wanda ya rasu a 1926. Ku tambayi unguwar Kabawa, ku tsaya ku yi musu addu'a, ka ba yara labarin a tsaye a wurin. Masauki da kifi kuwa ba sai an faɗa ba, tunda babban birnin jihar Kogi ne.

Baro daban take. Ƙaramin gari ne a ƙaramar hukumar Agaie ta jihar Neja, amma daga nan aka ja layin dogon da ya ratsa Kaduna ya isa Kano a 1911. Kaya su sauka daga jirgin ruwa su hau na ƙasa, shi ne duk darajarta. Yau layin ya mutu, sabuwar tashar da Buhari ya buɗe a 2019 ma ba ta ja hada-hadar da aka yi fata ba. Mai ƙaunar tarihin reluwe zai ji daɗinta, yaro ɗan firamare kuwa zai fara tambayar yaushe za a tafi.

Ga kuma hanya. Lokoja titi ne ɗoɗar ta Abuja, Abaji da Koton Karfe. Baro sai an ratse ta Agaie, kuma ban ba ka shawarar ta da damina ba.

In za ku shiga kwale-kwale zuwa mahaɗar, Malam, kowane yaro sai da rigar kariya, kuma ku fito kafin la'asar.