Telan da ya ɗinka mana ankon babban taro

Na daɗe ina kai ɗinki wani shago da ke bayan titin Bauchi a nan Jos, amma aikin da ya sa har yau nake tura masa mutane shi ne ankon da ya yi mana a watan Maris na 2022, da za mu tafi babban taron APC a Abuja. Mu mata goma sha takwas ne, wasu wakilai masu kati, wasu 'yan rakiya. Saura kwana tara muka kai masa atamfar, ga azumi ya ƙarato, shago maƙil da kayan mutane.

Bai yarda da "ɗinka mata daidai da tawa" ba. Ya ce kowace ta zo da ƙafarta ya auna ta. Na ce a sa wa rigunan shafi, ya ce, "Hajiya, Abuja fa ba Jos ba ce. Ki bari iska ta riƙa shiga." Sai da muka wuce Akwanga zafi ya fara dukanmu na sa masa albarka. Ya kuma yi wa kowane zani aljihun ciki mai zif, ba tare da mun tambaya ba. A turmutsutsun ƙofar dandalin Eagle, inda aka yi taron, mutane da yawa sun yi kukan waya, mu ko ɗaya ba ta ɓata ba.

Inda ya gaza, alkawarin Alhamis ya yi, sai safiyar Juma'a yaronsa ya iske mu a bakin mota. Riguna biyu sun matse a hammata, masu su haka suka wuni a takure. Da muka dawo ya buɗe su kyauta, ya ba da haƙuri, amma ranar da aka ɗinka su dominta ta riga ta wuce.

Ranar Asabar 26 ga wata muka shiga fili tun da hantsi, muka zauna har dare ya raba. Masu neman shugabancin jam'iyya shida, ciki har da Tanko Al-Makura da Abdul'aziz Yari da George Akume, sun janye wa Sanata Abdullahi Adamu, wanda Shugaba Buhari ya mara wa baya. Aka ce maslaha ce. Aka tambaye mu ko mun amince, fili ya ɗauka da "eh", shi ke nan. Gaskiya abin ya yi mini ciwo. Na baro yarana, na yi tafiyar awa huɗu da wani abu, ina son in jefa wa shugaban jam'iyya ƙuri'a da hannuna. Ba na ƙin maslaha, tana hana rigima da ɓarnar kuɗi, sai dai a ce an zo an ji ta bakinmu tun daga mazaɓa kafin a rubuta sunaye.

Duk da haka na ɗaga murya tare da kowa, kuma ban yi nadama ba. A cikinmu akwai mata biyu da ba sa ga maciji tun zaɓen shugabannin mazaɓu na 2021. Benci ɗaya ne a shagon telan, dole suka zauna a kai suna jiran awo, har ɗaya ta riƙe wa ɗaya jaka. A daren taron kafaɗa da kafaɗa suke, kaya iri ɗaya, ruwa gora ɗaya.

Wadda za ta kai masa anko ta ba shi mako biyu cur, ta kuma gwada rigarta a shago kafin ta karɓa. Kuɗinsa ya ɗan ɗara na telolin kasuwar Terminus, amma ɗinkin ba ya warwarewa. Nawa zanin har yanzu ina ɗaura shi zuwa suna, zif ɗin aljihun bai taɓa cijewa ba.